Farantin da Aka Juya Gabas

Talata, 3 ga wata, da la'asar

Sun rufe saman bene. An ɗaura wani jan zare a bakin matakala, an liƙa takarda a bango, wai kada kowa ya hau sai an gama bincike. Ni da na yi shekara huɗu ina hawa da sauka a matakalar nan har na san wadda ta fi santsi, yau ni ce kowa.

Daga tsakar gidan wankinmu ina hango farantin da ke tara mana hasken rana. Faɗinsa ya kai ɗaki guda, madubai jere a cikinsa, gefe ɗaya duk ya yi baƙi da hayaƙi. Tulun da ke gabansa, inda hasken madubai ke taruwa ya dafa man da ke ba mu tururin wanki da guga, ya tsage daga wuya. Tulu muke ce masa don kamarsa ke nan, ciki faɗi, baki tsuke, da bututun tagulla naɗe a ciki. Ni na ƙera wannan sabon. Ba na son kallonsa, na kuma kasa dainawa.

Dogo yana asibiti. Shi ne babban mai gugarmu, kullum shi ke riga kowa isowa. Jiya da safe ya hango hayaƙi a sama, ya ruga ya kama sitiyarin hannu zai kawar da farantin daga rana. Bututu ya fashe, tafasasshen mai ya zubo masa tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Hannun dama kuma, ga mutumin da guga ce abincinsa.

Yaya ya ce in je gida in huta. In huta da me?

Laraba, 4 ga wata, da azahar

Na je duba Dogo. An naɗe hannun ya yi girman gungume, ɗakin sai warin magani. Matarsa ta turo mini kujera ba ta kalle ni ba, ni kuma ban ga laifinta ba.

Da ta fita ɗebo ruwa ya ce, "Injiniya, matso."

Na matsa.

"Da na hau, gabas na tarar da shi yana kallo. Rana na shiga tulu kai tsaye, famfon da ke zagaya da mai a kashe."

Na ce na sani.

"Ke kuwa kullum kifa shi kike yi kafin ki tashi. Ina gani. Har kwaɗo kike sa wa sitiyarin."

Na ce haka ne.

Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "To ni dai ban ga kowa ba. Duk wanda ya tambaye ni abin da zai ji ke nan. Mutumin da ya ɗauke ni aiki ba ni da ko takalmi, ba a bakina za a ji ba."

Ban tambaye shi wa yake nufi ba. Na tambaye shi ko yana son lemo.

Alhamis, 5 ga wata, da hantsi

Rana tas, ko ɗigon gajimare babu. Irin ranar da nake roƙo. Mu kuma gas muke ƙonawa a ƙasa.

Juma'a, 6 ga wata, da yamma

Mai bincike ya zo daga ofishin kiyaye haɗari. Wani siriri ne mai tabarau, ba ya dariya, ba ya gaggawa. Ya ɗaga jan zaren muka hau, ya ce in yi masa bayani kamar bai san komai ba.

Na ce farantin na Baba ne. Shi ya ƙera shi tun ina firamare, da ƙarfen tsofaffin gadaje da gutsattsarin madubi, lokacin da 'yan unguwa ke cewa ya zautu. Yana aiki, amma fiye da rabin zafin da yake tarawa iska ke kwashewa. Hasken ba ya haɗuwa wuri ɗaya, bazuwa yake yi kamar tire, dole bakin tulu ya zama wangameme kafin ya kama shi. Wangamemen baki kuwa, yadda zafi ke shiga haka yake fita. Sai na bi madubai ɗaya bayan ɗaya da sifana ina saitawa, har hasken ya dunƙule bai fi tafin hannu ba. Na tsuke bakin tulu daidai da shi, na toshe da gilashi mai jure wuta don kada iska ta shiga ta saci zafi, na shafe cikin da baƙin fenti, na lulluɓe bayan da audugar gilashi mai kauri. Daga kashi arba'in da ɗaya cikin ɗari na zafin da ke faɗowa cikin farantin, muka kai saba'in da huɗu. Na faɗi lambar nan da ƙarfi fiye da kima. Ban taɓa iya faɗinta a hankali ba.

Ya ce, "Wato kin yi tulun da zafi ke shiga ba ya fita."

"Ai shi ne aikin, Yallaɓai."

"In kuma famfo na kashe, mai ba ya zagayawa, rana ta faɗa ciki fa?"

"Shi ya sa ake kifa shi kowace yamma, a sa kwaɗo."

Ya durƙusa ya ɗauki kwaɗon. Ba a fasa shi ba, buɗe shi aka yi. Ya tambaye ni makulli nawa ne, na ce biyu, ɗaya a wuyana, ɗaya a ofishin yayana, shi ne manaja.

Ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ce, "Abu biyu nake iya rubutawa, Injiniya. Ko dai hannu ne, wani ya buɗe ya juya. To sai a ba ni suna, ki gyara tulunki ki ci gaba da aikinki. In ma'aikaci ne a hore shi. In kuma wanda bai kamata ya taɓa inji ba ne, likita zai duba shi, a raba shi da wurin nan gaba ɗaya. Ko kuma ƙirar ce mai haɗari. To sai a cire ta, a mayar da tsohon tulu, ba kuma za a ƙara kafa irinta da sunanki ba. Zan dawo bayan mako biyu."

Duk lokacin da yake maganar likita ba ni yake kallo ba. Tsakar gida yake leƙe, inda Baba ke zaune a kan benci yana gaida masu shanya ɗaya bayan ɗaya, wasu sau biyu.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi

Na shiga ofishin Yaya na rufe ƙofa. Na ce ya nuna mini makullinsa.

Ya jawo aljihun tebur ya hau bincike, yana ɗaga takardu, yana karkaɗa fayil, har ƙarƙashin kujera ya leƙa. Na bar shi ya yi wasansa na ɗan lokaci, sannan na ce, "Yaya, daina wahalar da bayanka."

Ya zauna. Ya ce, "Baba ne ya zo ya tsaya mini a ka, Auta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yana cewa a gidansa, a farantin da ya ƙera da hannunsa, an sa masa kwaɗo kamar ɓarawo. Har da hawaye. Ke ma da kin gani da kin ba shi."

"Da ban ba shi ba."

"To ke ai zuciyarki ma ƙarfe ce."

Na ce tun bara nake cewa a kai shi likita. Ya ce tsufa ne kawai. Kullum tsufa ne kawai. Ranar da ya zuba gishiri a shayi tsufa ne kawai, ranar da ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ba a haife ni ba, shi ma tsufa ne kawai.

Sai Yaya ya sassauta murya, irin wadda yake lallaɓa manajojin otal da ita in zanen gado ya ɓata. "Ki ce ƙirar ce. Ke yarinya ce, ga takardu, duk inda kika je za ki ci abinci. Shi fa? In aka hana shi shiga nan, ina za shi?"

Shekarata talatin da shida. A gidan nan ba na zama yarinya sai ranar da ake son in ɗauki kaya.

Lahadi, 8 ga wata, da yamma

Bari in rubuta yadda abin yake, ko da ban rubuta komai ba.

A zamanin tsohon tulu, in an tashi aiki, gabas ake juya farantin a bar shi yana jiran rana. Da ta fito sai ta ɗan ɗumama man da ke kwance a tulu, kafin ma'aikata su iso an rage wa famfo aiki. Ba ya taɓa ƙonewa, don tulun yoyon zafi yake yi ta ko'ina. Dabara ce mai kyau, Baba mai ita ma yana alfahari da ita, shekara ashirin yana yi babu fashi. Na yi masa bayani cewa sabon tulu ba ya yafiya. Ya gane sarai, har ya yaba. Washegari ya manta.

Yau na same shi a baranda yana ɓare lemo. Ya ce, "Auta, ina Dogo ne? Kwana biyu ban ji muryarsa ba."

Mama ta riga ta gaya masa, Yaya ma ya gaya masa. Na sake gaya masa. Ya ajiye lemon, fuskarsa ta canja kamar yau ya fara ji, don a wurinsa yau ɗin ya fara ji.

"Subhanallahi. Garin yaya?"

Na ce rana ce ta shiga tulu famfo na kashe.

Ya buga hannu a gwiwa. "Wane sakarai ne ya yi wannan aiki? A kore shi. Ki gaya wa yayanki na ce a kore shi, ba a wasa da wuta a gidana."

Na ce to. Akwai baƙin man sitiyari a hannun rigarsa ta ranar Lahadin da ta wuce. Mama ta wanke ta sau biyu da kanta, ba ta kawo ta gidan wanki ba.

Litinin, 9 ga wata, da azahar

Rana tas. Asara.

Laraba, 11 ga wata, da la'asar

Kowace yamma Baba yakan hau sama. Ko a lokacin da na sa kwaɗo, yakan hau ya goge madubi ɗaya ko biyu da tsumma, ya ƙwanƙwasa bututu ya saurara, ya sauko ya ci abinci. Yanzu ga jan zare.

Yau ya tsaya a gabansa da tsumma a hannu. Zare ne fa, ɗan yatsa ma zai tsinka shi, amma Baba mutum ne mai bin doka, ko yanzu. Ya karanta takardar bangon a hankali, bakinsa na motsi. Ya juyo ya ce wa mai gadi, "Wa ya mutu?"

Mai gadi ya ce ba wanda ya mutu, Baba, gyara ake yi. Ya ce to. Ya koma benci, ba a jima ba ya sake tashi ya je ya karanta. Har aka tashi aiki yana kai da kawowa tsakanin benci da matakala, masu shanya kowa ya duƙufa kan igiyarsa.

Na tsani zaren nan. Na kuma san abin da yake nuna mini, na tsani wannan ma.

Juma'a, 13 ga wata, da hantsi

Mama ta kira ni kicin. Ba ta taɓa tambayata yadda farantin ke aiki ba, ko ranar da muka kai saba'in na shigo gida ina tsalle, cewa ta yi in wanke hannu. Yau ta ce, "Wannan abin naki, in an cire shi, ba a iya sake yin wani?"

Na ce ba da sunana ba.

"To a yi da sunan wani mana."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ci gaba da yanka albasa. Ta ce, "Rabonsa da cin abincin kirki tun da aka rufe saman nan. Jiya ya tambaye ni wace ce ni. Sau ɗaya ne, ya kuma tuna nan da nan, amma ya tambaya. Ni ban san kashi kaza cikin ɗari ba, Auta. Abin da na sani, in ya hau ya sauko, mijina ne ke saukowa."

Na ce, "Mama, Dogo fa? Hannunsa fa?"

"Ina kai musu abinci kullum."

Wato an gama da Dogo ke nan, an biya shi da kular abinci. Ban faɗa ba. Na karɓi wuƙar na ƙarasa mata albasar, ko ba komai na samu abin da zan ɗora wa laifin idona.

Asabar, 14 ga wata, da azahar

Rana tas. Na sa hannu a kan murfin injin motar kaya, ban iya riƙewa ba. Da yau mun wuce saba'in da biyar.

Litinin, 16 ga wata, da yamma

Malamina na jami'a ya kira. Tawagar da za ta zo ta auna farantin ta tabbatar da lambar tana tambaya ko ranar na nan. Ya ce akwai wani asibiti da wata masana'antar madara da ke jira su ji sakamako kafin su ce in kafa musu. Yana ta murna a waya, tsoho da shi, yana cewa, "Na gaya musu, ɗalibata ba ta ƙarya da lamba." Na ce zan kira shi. Bai ji komai a muryata ba, dama shi lamba kaɗai yake ji.

Na yini ina zane. Murfin ƙarfe da zai rufe bakin tulu da kansa in famfo ya tsaya. Ƙaramin famfo da zai tashi da fitowar rana. Duk suna yiwuwa, ba wani abin a zo a gani ba ne. Na kira mai binciken na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Dabaru ne masu kyau. Amma gyara yana bin dalili ne. Sai na rubuta dalili tukuna."

Ko da ya yarda ma, na san mutumina Baba. Duk abin da bai gane ba a jikin farantin kwance shi yake yi. Ya taɓa cire mini na'urar auna iska ya ajiye a aljihu, wai yara sun liƙa abin wasa. Muddin yana hawa, tuluna bindiga ce a ɗane. Muddin tuluna na nan, ba zai hau ba. Na juya maganar ta kowace fuska, haka take fitowa.

Talata, 17 ga wata, da la'asar

An nemi Baba an rasa tun hantsi. Wani mai walda ne ya kawo shi a bayan babur, ya ce a tsohuwar kasuwar ƙarfe ya gan shi yana tambayar shagon da aka rushe tun da daɗewa. Wai gutsattsarin madubi yake nema, zai ƙera wani abu da zai ba mutane mamaki. Ƙafarsa ɗaya babu takalmi.

Yaya ya kalle ni. Mama ta kalle ni.

Laraba, 18 ga wata, da safe

Ina jin haushin Yaya, ina jin haushin Mama, ina jin haushin rana. Baba ne kaɗai na kasa jin haushinsa, shi ne kuma abin da ya fi ci mini rai.

Alhamis, 19 ga wata, da azahar

Mai binciken ya dawo. A ofishin Yaya muka zauna, Yaya ya kawo ruwan sanyi ya fice, wai yana da baƙi.

Na ce ƙirar ce.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Na duba lissafinki daga farko har ƙarshe, Injiniya. Na kai wa wanda ya fi ni sani ya duba. Babu kuskure."

Na ce tulun da ba ya iya jure fitowar rana ɗaya ba tare da mutum a kansa ba, bai dace da gidan wanki ba.

"Kwaɗon fa?"

"Wataƙila ban danna shi sosai ba."

"Farantin kuma ya juya kansa gabas."

"Akwai iska a daren."

Ya dube ni. Babu iska, shi ma ya sani, yana da takardar yanayi a cikin jakarsa. Ya ce, "Kin san abin da zai biyo baya? Ba wannan kaɗai ba. Duk inda aka nemi izinin kafa irinsa, wannan rahoto zai fito."

Na ce na sani.

"Ina da uba ni ma," in ji shi.  Ya mayar da tabarau, ya rubuta, ya juyo mini da takardar na sa hannu. Ya ce da zarar an mayar da tsohon tulu an kuma buɗa hasken yadda yake a da, zai zo ya cire zaren.

Da ya tafi na kira malamina na gaya masa kada tawagar ta zo. Ya ce, "Wato lambar ba ta tsaya ba?" Na ce ba ta tsaya ba.

Juma'a, 20 ga wata, da yamma

Yaya ya sayo mini atamfa. Matarsa ta aiko da kaza. Mama ta ce Allah ya yi mini albarka har sau uku. Kowa na ta lallaɓa ni kamar mai jego, ba wanda ya ambaci abin da aka haifa.

Lahadi, 22 ga wata, da azahar

An sallami Dogo. Yatsu uku suna motsi, biyu sai a hankali, in ji likita. Na kai masa lemo. Ya ji labari, gidan wanki ba ya riƙe magana.

Ya ce, "Injiniya, da ma kin bari na ce ni ne. Ni ai hannun ya riga ya tafi."

Na ce ya yi mini shiru. Shi kaɗai ne a duk cikinsu ya yi tayin ɗaukar wani abu, shi da ya fi kowa asara. Na fito da sauri don kada matarsa ta ga fuskata.

Laraba, 25 ga wata, da la'asar

An ba ni izinin hawa ni kaɗai don in warware.

Na sauke tuluna. Gilashin bakin bai ko tsage ba, duk wutar nan. Na jawo tsohon daga sito, zanzaro ya yi gida a ciki, na kakkaɓe na ɗaura. Bakinsa kaina zai shiga har da kunnuwa.

Sai madubai. Kowanne noti uku ne a bayansa. Lokacin da nake saita su, wani madubin sai in yini a kansa, ina juya noti kaɗan-kaɗan ina leƙen inda haskensa ya faɗa, wuyana ya ƙage, bayan hannuna ya yi baƙi. Na san su ɗaya-ɗaya. Akwai na gefen hagu can sama mai taurin kai, wanda sai da na sa masa guntun gwangwani a ƙasa kafin ya bi sahu. Yau na zare gwangwanin na jefar. Na bi sauran da sifana, wannan in karkata shi dama, wancan hagu, ba awo, ba lissafi. Ashe ɓatawa ma tana son hannun da ya iya, don in ka yi ta da ka sai hasken ya taru a wani wurin da ba ka so.

Na gwada da katako kamar yadda muke yi. A da, kafin ka gama miƙa shi ya kama da wuta. Yau na riƙe har hannuna ya gaji, sai ɗan baƙi-baƙi da hayaƙi.

Aiki ya yi kyau. Ban taɓa yin aikin banza ba, ko wannan.

Asabar, 28 ga wata, da hantsi

An cire zaren. Kashi arba'in. Na ma fi Baba iya yoyo da kashi ɗaya.

Litinin, 30 ga wata, da yamma

Baba ya hau. Yana gaba yana riƙe da ƙarfen matakala, ina bayansa, Yaya na bayana. A tsakiyar hanya ya tsaya ya huta, ya ce matakalar nan an ƙara mata tsawo.

Da ya fito fili ya ga farantin, sai bayansa ya miƙe. Wallahi na gani da idona. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa bututu ya kara kunne, ya ce famfo na son mai. Gaskiya ne, yana so. Ya kira Yaya da sunansa, ya kira ni Auta, ya tambayi hannun Dogo ba tare da an tuna masa ba. Ya ce a gaya wa Mama yana jin yunwa.

Mun riga mun kawar da farantin daga rana, tulu ya sauko daidai kai. Ya matsa ya kara bayan hannunsa kusa da bakin, ya janye, ya sake karawa. Ya ja da baya ya ƙanƙance ido yana bin madubai sahu-sahu. Ya daɗe.

"Auta, zo ki ji. Ji yadda zafi ke zuba. Rabin abin da muke tarawa iska muke ba."

Na ce haka ne, Baba.

"Hasken ma a warwatse yake. Da za a samu mai haƙuri ya bi madubin nan ɗaya-ɗaya ya haɗa kansu, a tsuke bakin nan, a sa masa ko gilashi ne, wallahi da ya kusa ninka abin da yake bayarwa. Na daɗe ina wannan tunani, ilimina ne bai kai ba. Shi ya sa na dage sai kin yi karatun nan."

Ya juyo ya kalle ni. Babu faɗa a fuskarsa, tausayi ne.

"Duk shekarun nan, ba ki taɓa ko gwadawa ba?"

Yaya yana bakin matakala yana kallon takalminsa.

Na ce, "Ban taɓa ba, Baba."

Ya girgiza kai, ya dafa kafaɗata. "Ba komai, 'yata. Ba kowa Allah ke ba kan aiki ba."

Ya miƙo hannu in ba shi tsumma, na ba shi.